Masu Renon Ɗan Tayi Kafin Ya Shiga Ciki

Idan aka haifi jariri ta hanyar dashen ciki, wato IVF, bayan an gode wa Allah sai godiya ta koma kan likita. Shi ya duba matar, shi ya rubuta allurai, shi aka sani da fuska, kuma ya cancanci godiyar. Amma daga ranar da aka ciro ƙwai daga jikin mace zuwa ranar da aka mayar mata da shi ya zama ɗan tayi, akwai kwana uku zuwa biyar da amanar ba ta hannun likita. Tana hannun wani ma'aikaci da ke bayan ƙofa, a ɗakin gwaji mai ɗumi da ragaggen haske, wanda sau da yawa ma'auratan ko sunansa ba su sani ba. Shi ne masanin ɗan tayi, kuma a asibitoci da dama mata ne ke riƙe da wannan aiki.

Abin da yake sarrafawa da ƙyar ido ke ganinsa. Faɗin ƙwan mace bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ƙwayar maniyyi kuwa ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duk da haka yakan ɗauke su, ya wanke, ya haɗa, ya rena, ya daskarar, ya narkar, ba tare da ya ji musu rauni ba. Sana'ar ta tsayu a kan abu uku: hannu marar rawa, ido mai lura, da gaskiya wajen lissafi. Na ukun nan ne ba a cika yabawa ba, alhali shi ya ɗaga aikin daga gwaji zuwa magani, har yara fiye da miliyan goma suka zo duniya ta sanadinsa.

Wadda ta fara

An haifi Louise Brown ranar 25 ga Yuli, 1978, a garin Oldham na Ingila, ita ce jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya. Duniya ta riƙe sunaye biyu: Patrick Steptoe, likitan mata, da Robert Edwards, masanin kimiyya na Jami'ar Kambirij wanda aka ba kyautar Nobel a 2010. Akwai ta uku, Jean Purdy, nas ce da ta fara aiki da Edwards a 1968 tana da shekara 23. Ita ke haɗa ruwan renon ƙwai, ita ke tsaftace kayan aiki, ita ke zama gaban madubin ƙara girma, kuma ita ta fara ganin ɗan tayin da ya zama Louise yana rarrabuwa. Ta rasu a 1985 tana da shekara 39. Lokacin da hukumar lafiya ta Oldham za ta kafa allon tunawa, an bar sunanta a waje, duk da cewa Edwards ya rubuta musu wasiƙa yana neman a sa ta daidai da su biyun.

Babban gadon da ta bari shi ne littattafan rubutunta. Shekaru bayan rasuwarta, Kay Elder da Martin Johnson suka bi waɗannan littattafai shafi-shafi, suka wallafa sakamakon a 2015. Tsakanin 1969 da 1978, mata 282 ne suka ba da kansu ga wannan bincike. An yi aikin neman ƙwai sau 457. An mayar da ɗan tayi cikin mahaifa sau 112. Ciki biyar ne ya shiga, yara biyu ne suka rayu: Louise, da wani yaro da aka haifa a Janairun 1979. Duk wanda ya dubi wannan adadi zai ga irin haƙurin da aka yi. Kusan shekara goma ana faɗuwa, kowace faɗuwa kuma ana rubuta ta, da irin ruwan da aka yi amfani da shi, da lokacin da aka ciro ƙwai, da yadda ɗan tayin ya kasance. Daga wannan rubutu suka gane inda matsala take, suka sauya hanya. A 1980 su ukun suka buɗe asibitin Bourn Hall kusa da Kambirij, inda ma'aikata daga ƙasashe da yawa suka koyi aikin.

Safiyar ciro ƙwai

Kafin wannan rana matar ta yi kusan kwana goma zuwa sha biyu tana shan allurai, domin ma'ajiyar ƙwanta ta nunar da ƙwai da yawa maimakon guda ɗaya da aka saba a wata. Sai a yi mata allurar ƙarshe, a ƙirga sa'a 34 zuwa 36. Idan aka yi gaggawa ƙwan bai nuna ba, idan aka yi jinkiri ya fita da kansa. Likita yana kallon hoton ciki a allo, ya sa siririyar allura ya zuƙo ruwan da ke cikin 'yan jakunkunan da ƙwai ke ciki, a miƙa kwalaben ta wata 'yar taga zuwa ɗakin gwaji.

Nan aikin masanin ɗan tayi ya fara. Zai juye ruwan a faranti, a kan tebur mai ɗumin jikin mutum, ya sunkuya kan madubi. Ruwan gauraye yake da jini da tarkacen nama. Abin da yake nema wani ɗan gajimare ne fari-fari mai sheƙi, da ɗigo a tsakiyarsa. Sabon shiga yakan daɗe yana juya faranti bai gani ba. Gwani kuwa yakan hango shi tun kafin ruwan ya gama kwanciya, ya ɗaga murya: "Likita, na farko." Can kuma: "Na biyu." Ya tsotse shi da siririn bututun gilashi, ya wanke, ya sa shi cikin ɗigon ruwan reno da aka lulluɓe da mai domin kada ya bushe, ya mayar cikin akwatin ɗumi.

Saurin nan yana da dalili. A cikin nunannen ƙwai akwai wasu zarurruka masu riƙe da ƙwayoyin gado, kuma sanyi na wargaza su. Mintoci kaɗan a sanyin ɗaki sun isa su lalata ƙwan ba tare da an ga alama a fili ba. Don haka akwatin ɗumi yana tsaye a digiri 37, da iskar kabon kashi biyar zuwa shida cikin ɗari domin ruwan renon kada ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa, kuma ɗakunan gwaji da yawa sukan rage iskar oksijin zuwa kashi biyar, kusa da yadda take a cikin jikin mace. Iskar ɗakin kanta tacewa ake yi. Ba a shiga da turare, ba a shiga da man shafawa mai ƙamshi, ba a yin fenti kusa, saboda tururin waɗannan abubuwa yana narkewa cikin ruwan reno ya cutar da ɗan tayi. Yadda kaza mai kwanci ba ta son barin ƙwai ya huce, haka gwanin wannan ɗaki ba ya buɗe akwatin ɗumi sai da hujja, kuma kafin ya buɗe ya riga ya san abin da zai ɗauka da inda zai ajiye.

Ƙwaya ɗaya, ƙwai ɗaya

Idan maniyyin miji lafiya lau yake, aikin yana da sauƙi. Za a tace shi, a ware ƙwayoyi masu kuzari, a zuba dubun-dubatarsu kusa da ƙwan, a bar su su yi abin da aka halicce su don shi. Amma kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai hannun matsalar namiji a ciki, ko ita kaɗai ko tare da ta mace. Wannan magana ce da gidajenmu ke bukatar ji, inda sau da yawa mace kaɗai ake kallo, ita ake kai wa mai magani, ita ake yi wa gori. Har zuwa farkon shekarun 1990, namijin da ƙwayoyinsa suka yi ƙaranci sosai ko ba sa motsi, dashen ciki ma bai cika yi masa amfani ba.

A 1992 aka samu sauyi daga wani asibitin jami'a a Brussels ta Beljiyam. Gianpiero Palermo da abokan aikinsa, André Van Steirteghem da Paul Devroey, suka ba da rahoton haihuwar yara ta hanyar ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a soka ta cikin ƙwai. Ana kiran wannan dabara ICSI, kuma a nan ne gwanintar hannu ta kai maƙura.

Ga yadda ake yi. Da farko sai a cire gajimaren da ya lulluɓe ƙwan da wani sinadari, a duba ko ya nuna. Alamar nuna wani ɗan ƙullutu ne a gefensa. Ma'aikacin yana zaune gaban madubi mai ƙara girma sau ɗari biyu zuwa ɗari huɗu, hannunsa biyu a kan wasu sanduna da ke mayar da babban motsi ya zama ƙanƙani ƙwarai. A hagu akwai bututu mai dakusasshen baki da zai riƙe ƙwan da ɗan tsotso. A dama akwai allurar gilashi da raminta bai wuce kashi biyar cikin dubu na milimita ba. Ƙwayoyin maniyyin suna cikin wani ruwa mai kauri da ke rage musu gudu. Zai bi su da ido, ya zaɓi mai kyakkyawan kai da miƙaƙƙiyar tafiya, ya sauke bakin allura kan wutsiyarta, ya danne ta da ƙasan faranti ya ja da sauri. Wutsiyar ta lanƙwashe, motsi ya tsaya. Wannan dannewa tana da amfani biyu: tana hana ƙwayar yin ɓarna a cikin ƙwai, kuma tana fasa fatarta yadda abin da ke farkar da ƙwan zai fito. Sai ya tsotse ta ta wajen wutsiya.

Daga nan ya juya ƙwan a hankali har ƙullutun ya koma sama ko ƙasa, inda ƙarfe sha biyu ko ƙarfe shida suke a fuskar agogo, domin zarurrukan gado sukan kasance kusa da shi kuma ba a so allura ta taɓa su. Ya shigo ta wajen ƙarfe uku. Ɓawon waje yakan ba da hanya, amma fatar ciki takan miƙe ta bi allurar ba tare da ta fashe ba. Sai ya ɗan tsotso cikin ƙwan har ya ga wani ɗan zillo da ke nuna fatar ta huje, sannan ya mayar da abin da ya tsotso tare da ƙwayar maniyyin, ya zare allura. Idan ya tsotsa da ƙarfi ƙwan ya mutu. Idan ya yi sanyin hannu ƙwayar ta tsaya a waje, gobe a tarar ba abin da ya faru. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ma'auni da littafi ba ya iya koyarwa, sai maimaici a ƙarƙashin idon wanda ya riga ka ƙwarewa. Kuma duk wannan ana gama shi cikin minti ɗaya ko biyu ga kowane ƙwai, domin sauran suna jira.

Abin sha'awa shi ne ba a bar wannan gwaninta ga yabon kai ba. A 2017 ƙwararrun fannin suka wallafa matsayar da suka cimma a wani taro a birnin Vienna, inda suka sa ma'auni: ɗakin gwajin da ya iya aikinsa, aƙalla kashi 65 cikin ɗari na ƙwan da aka soka ya kamata su haɗu yadda ya dace, waɗanda suka lalace kuma kada su wuce kashi 10. Ɗakin da ya kai matuƙa yakan kai kashi 80 na haɗuwa, lalacewa ba ta wuce kashi 5 ba. Kowane ma'aikaci ana iya fitar da lissafinsa shi kaɗai. Idan hannun wani ya fara nauyi, takarda za ta nuna kafin mutane su gane.

Kwanakin kallo

Bayan sa'a 16 zuwa 18 da haɗa ƙwai da maniyyi sai a duba. Idan haɗuwa ta yi kyau za a ga 'yan da'irori biyu a tsakiyar ƙwan suna jingine da juna, ɗaya ɗauke da gadon uwa, ɗaya da na uba. Idan uku ne, ba za a mayar da shi ba. Wanda ya makara da 'yan sa'o'i zai tarar da'irorin sun ɓace, ba zai san ko biyu ne ko uku ba, shi ya sa masu wannan aiki ba su san Asabar ko Lahadi ko ranar salla ba. A rana ta biyu ana sa ran ƙwayoyi huɗu, a rana ta uku takwas. A daidai nan ne ɗan tayin ke daina dogaro da guzurin da ƙwan uwa ya zo da shi, ya fara aiki da nasa tsarin gado, kuma a nan da yawa ke tsayawa. Kusan rabi ne ke kaiwa rana ta biyar, lokacin da ya zama ƙwallo mai ruwa a ciki da ƙwayoyi ɗari ko fiye: wani dunƙule a gefe da zai zama jariri, da shimfiɗar waje da za ta zama mabiyiya.

Yanzu sai zaɓi. A 1999 David Gardner da William Schoolcraft suka fito da tsarin ba da maki da ɗakunan gwaji da yawa ke bi har yau: lamba ga yadda ƙwallon ya buɗe, harafi ga dunƙulen ciki, harafi ga shimfiɗar waje. Amma maki ba alkawari ba ne. Ɗan tayi mai kyan gani yana iya ɗauke da kuskuren ƙwayoyin gado da ido ba ya gani, mai matsakaicin maki kuma ya zama lafiyayyen yaro. Gwani ya san iyakar idonsa, kuma yana gaya wa ma'aurata haka.

Ranar mayarwa, zai ɗauki ɗan tayin cikin ɗigon ruwa ƙanƙani a bakin wani lallausan bututu, sau da yawa da 'yar iska a gaba da baya domin likita ya ga inda ɗigon ya sauka a hoton ciki. Ya kai da hannunsa, likita ya saka. Sannan ya karɓi bututun ya koma kan madubi ya wanke shi, ya tabbatar ɗan tayin bai maƙale a ciki ba. Sai ya ce babu komai a bututu, sannan a ce an gama.

Sauran masu kyau ba a zubar da su. Ana daskarar da su a ruwan naitirojin, a digiri 196 ƙasa da sifiri. Abokin gabar wannan aiki shi ne ƙanƙara, domin ruwan da ke cikin ƙwayoyi idan ya daskare a hankali yakan yi tsini ya yayyaga su. Dabarar da Masashige Kuwayama na Japan ya yaɗa a shekarun 2000 ita ce a zare ruwan da wasu sinadarai, a ɗora ɗan tayin kan wani siririn tsinke cikin ɗigon da bai kai a gani sosai ba, a tsoma shi nan take yadda zai sandare ba tare da ƙanƙara ta samu damar fitowa ba. Sinadarin ƙarshe yana da guba idan aka daɗe a ciki, don haka ma'aikacin yana da kusan minti ɗaya ne ya gama komai. A hannun da ya ƙware, fiye da tara cikin goma sukan farfaɗo lafiya idan aka narkar.

Amanar nasaba

Akwai wani ɓangare na aikin da ba ya bukatar madubi, amma ga mai karatu Musulmi ko Kirista mai kishin zuriyarsa ya fi komai nauyi. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaikh Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halascin wannan magani muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar auren tana nan. Majalisar Fiƙihu da ke Makka ta bi wannan layi a shekarun 1980. To, wa ke tabbatar da cewa sharaɗin ya cika? Wanda ke riƙe da faranti. Ƙwan wance da na wance kamarsu ɗaya a ƙarƙashin madubi. A 2002 ya fito fili cewa wani asibiti a Ingila ya yi kuskuren amfani da maniyyin wani mutum ga matar da ba tasa ba, abin da ya sa aka tsaurara doka. Ƙa'idar yau ita ce kayan ma'aurata ɗaya kaɗai ke hawa tebur a lokaci guda, kowane faranti da suna da lamba, kuma duk matakin da za a matsar da ƙwai ko maniyyi sai mutum na biyu ya karanta ya shaida ya sa hannu, ko na'ura mai karanta lamba ta tabbatar. Ma'aurata suna da cikakken haƙƙin tambayar asibiti yadda yake yin wannan shaida.

Abin da lissafi ya koyar

Da hannu da ido kaɗai, da kowane asibiti ya ce nasa ya fi. Abin da ya hana haka shi ne rajista. Birtaniya ta kafa hukumar HFEA a 1991, wadda kowane asibiti ke kai wa rahoton duk aikin da ya yi. Amurka ta yi doka a 1992 da ta wajabta bayyana sakamako. Daga waɗannan rumbuna aka samu amsoshin da babu wani likita guda da zai iya samu shi kaɗai.

Na farko, shekarun mace sun fi komai tasiri. A lissafin Birtaniya na 'yan shekarun nan, macen da ba ta kai 35 ba, kusan ɗaya cikin uku na 'yan tayin da aka mayar yakan kai ga haihuwa. Wadda ta haura 43 da ƙwanta, abin bai wuce biyar cikin ɗari ba. Babu gwanin da zai mayar da ƙwai ƙuruciya, don haka jinkirin zuwa asibiti asara ce da ba a fansa. Na biyu, faɗuwar farko ba ita ce ƙarshe ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015, a kan mata 156,947 a Birtaniya, ya nuna kashi 29.5 sun haihu a zagayen farko, kuma an ƙiyasta kusan kashi 65 za su haihu idan aka kai zagaye shida. Na uku, yawan ƙwai yana da iyaka: nazarin zagaye 400,135 da aka wallafa a 2011 ya nuna nasara tana hawa har zuwa kusan ƙwai 15, daga nan ta tsaya, alhali haɗarin kumburin ma'ajiyar ƙwai yana ƙaruwa.

Na huɗu shi ne batun tagwaye. Mu mutane ne masu murna da 'yan biyu, kuma wadda ta yi shekara goma tana jira ba laifi ba ne ta so Hassan da Husaini a tashi ɗaya. Amma rajista ta nuna cikin tagwaye da 'yan uku shi ne babban haɗarin dashen ciki: bakwaini, ƙarancin nauyi, hawan jinin mai ciki, da rasa jarirai. A shekarun 1990 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar IVF a Birtaniya 'yan biyu ne ko fiye. Aka koma mayar da ɗan tayi guda a daskarar da saura, adadin ya sauko zuwa kusan kashi biyar cikin ɗari, kuma nasara ba ta ragu ba. Wannan bai yiwu ba sai da masu ɗakin gwaji suka iya zaɓe, suka iya daskararwa.

Lissafi bai ƙyale abubuwan da masu sana'ar kansu ke so ba. An daɗe ana ɗan karce bangon mahaifa da zaton yana taimaka wa ɗan tayi ya kama. Gwajin da aka wallafa a 2019 a kan mata 1,364 ya samu kashi 26.1 na haihuwa ga waɗanda aka yi wa, da kashi 26.1 ga waɗanda ba a yi wa ba. A Biyetnam, gwaji a kan ma'aurata 1,064 da aka wallafa a 2021 ya nuna idan maniyyin miji lafiya yake, ICSI ba ta ƙara yawan haihuwa a kan hanyar da aka saba. Akwatin ɗumi mai kyamara, wanda ke ɗaukar hoton ɗan tayi duk bayan 'yan mintoci, babban gwaji na 2024 bai samu ya ƙara haihuwa ba. Sana'ar da za ta auna dabarar da ta fi alfahari da ita, ta fito ta ce a nan ba ta da amfani, ta cancanci a amince mata. Haka kuma bin diddigin yaran ya nuna mafi yawansu lafiyayyu ne, tare da ɗan ƙarin haɗarin bakwaini da nakasar haihuwa, wanda wani ɓangarensa daga matsalar rashin haihuwar kanta yake. Louise Brown ta haifi ɗanta a 2006 ba tare da wani magani ba.

A ƙasarmu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A Afirka kudu da Sahara, toshewar hanyar ƙwai sanadiyyar cututtuka na cikin manyan dalilai, kuma ita ce ainihin matsalar da ta kai mahaifiyar Louise wajen Steptoe. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tun shekarun 1980. A Abuja, Dakta Ibrahim Wada, wanda ya yi aiki a Bourn Hall, ya jagoranci aikin da ya kai ga haihuwar wata jaririya a asibitin Nisa a Fabrairun 1998.

Masanin ɗan tayi a nan yana ɗauke da kayan da takwaransa na Turai bai sani ba. Akwatin ɗumi ba ya jure ɗaukewar wuta, don haka sai janareta da batura da wanda zai kwana yana sauraron ƙararrawa. Ruwan reno daga waje ake kawo shi, dole ya iso da sanyinsa. Tankin naitirojin sai an riƙa cika shi a kan kari. Ƙurar hunturu da hayaƙin janareta duk sai an tare su daga ƙofa. Waɗannan na cikin abin da ke sa kuɗin ya fi ƙarfin talaka, kuma shi ya sa wasu masu bincike, irin su Willem Ombelet na Beljiyam da Jonathan Van Blerkom na Amurka, suka ƙirƙiro sauƙaƙƙen tsari da ke samar da iskar kabon daga haɗa sinadarin tsamin lemo da hodar soda a cikin kwalba. An haifi yara ta wannan hanya a Beljiyam, an kuma kai ta Gana. Akwai kuma rajistar Afirka mai suna ANARA, wadda asibitoci ke kai wa sakamakonsu bisa raɗin kansu.

Ga ma'auratan da ke tunanin wannan hanya, su tafi tare, su tafi da wuri, kuma su yi tambaya ba tare da kunya ba. Idan aka ce musu nasara kashi kaza ce, su tambaya: shigar ciki ake nufi ko haihuwar jariri mai rai? An ƙirga daga duk wadda ta fara allura, ko daga waɗanda aka mayar wa ɗan tayi kaɗai? Ga masu shekarun matata fa, nawa ne? Wane ne ke riƙe da ɗakin gwajinku, kuma a ina ya koya? Asibitin da ke da gwanaye ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi, domin amsarsu tana rubuce.

Ga 'ya'yanmu masu karatun kimiyyar halittu da aikin ɗakin gwaji a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, wannan fage ne da ke bukatarsu. Yana son mai haƙuri, mai tsafta, mai tsoron Allah a inda babu mai ganinsa, wanda zai rubuta faɗuwarsa da hannun da ya rubuta nasararsa. Haihuwa kyauta ce daga Allah, neman magani kuma umarni ne, kuma mata da mazan da ke jira a garuruwanmu sun cancanci samun irin waɗannan hannaye kusa da gida, a kan kuɗin da za su iya biya.